Taya marar iska: me ya hana ta shiga motar gida?

Sabo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga masana harkar mota. A watan Yunin 2019 kamfanin Michelin da General Motors suka nuna wata taya da suka sa wa suna Uptis a birnin Montreal na Kanada. Ba a ba ta iska, don haka ƙusa ba ta sace ta, kuma ba ta fashewa. Suka ɗaura ta a Chevrolet Bolt mai lantarki suna gwaji, suka ce tana iya shiga motocin fasinja tun daga 2024. To, 2024 ta zo ta wuce, har yau mutum ba zai shiga wajen dillali ya fito da motar gida mai irin wannan taya ba. Me ya tsayar da ita? Ni a ganina abu ne da kowane mai mota zai yi maraba da shi.

Nura: Wa alaikumus salam Malam Sabo. Amsar a fili take. Kamfanin da ke cin abinci da sayar da taya ba zai yi gaggawar kawo tayar da ba ta mutuwa ba. Su da bakinsu suka ce tayoyi kimanin miliyan 200 ake zubarwa kowace shekara kafin lokacinsu saboda huji da lalacewa da rashin daidaiton iska. Wannan ai ciniki ne. Wa zai rufe wa kansa ƙofar kasuwa?

Injiniya Hadiza: Malam Nura, ban yarda da kai ba. Taya marar iska ma tana suɗewa, robar da ke gogar kwalta ba ta san ko akwai iska a bayanta ko babu ba. Sannan kamfanin taya ba ɗaya ba ne. Bridgestone da Goodyear da Hankook da Toyo duk sun nuna nasu samfurin. Da a ce abin ya nuna, wanda ya fara fitarwa shi zai kwashe kasuwar, sauran su biyo shi da gudu.

Matsalar ita ce mun raina aikin da iska take yi. Muna tunawa da ita ne kawai ranar da ta fita. Iskar da ke cikin taya kusan ba ta da nauyi, amma ita ke miƙar da zaruruwan jikin tayar har su ɗauki nauyin mota. Idan taya ta taka dutse, wurin ya lotsa, matsin yakan bazu cikin tayar gaba ɗaya nan take, ba wurin da aka taka kaɗai zai sha wahala ba. Iska tana matsewa ta dawo sau miliyoyi ba ta gajiya, ba ta tsagewa, ba ta tsufa. Idan ka cire ta, dole ka nemo wani abu mai jiki da zai yi duk waɗannan ayyuka, kuma duk abu mai jiki yana da nauyi, yana zafi, yana gajiya.

Sabo: Injiniya, to ita marar iskar yaya take ɗaukar nauyi? Na ga hotonta, wasu haƙarƙari ne kawai tsakanin wili da robar waje.

Injiniya Hadiza: Sassa uku ne. Akwai wilin tsakiya, a Uptis na alminiyum ne. Akwai haƙarƙarin nan masu lanƙwasa, na roba da aka ƙarfafa da zaren gilashi da aka jiƙa a danƙo. Sai zoben waje da ke ƙarƙashin zanen tayar, wanda shi ne ya maye gurbin matsin iska. Zoben yana lotsawa ya kwanta a kan hanya, amma ba ya yarda kewayensa ya ragu. Mutane na zaton haƙarƙarin ƙasa ne ke tallafe da mota. A irin ƙirar Tweel, wata taya marar iska wadda Michelin ya fara nunawa tun 2005, na ƙasan lanƙwashewa suke yi su saki jiki, nauyin kuma ya rataya a kan na sama. Haka wayoyin wilin keke suke aiki.

Yanzu ku yi lissafi tare da ni. Kewayen tayar motar gida kusan mita 2 ne. Mota mai gudun kilomita 120 a awa tana cin mita 33 a daƙiƙa, wato tayar tana juyawa kusan sau 17 a kowace daƙiƙa. Kowane haƙarƙari zai lanƙwashe ya miƙe sau 60,000 a awa ɗaya. Idan tayar ta yi kilomita 50,000, ya yi hakan sau miliyan 25. Ita kuwa roba, duk lokacin da aka lanƙwasa ta ba ta mayar da dukkan ƙarfin da aka sa mata, wani kaso yana zama zafi. Zafin nan asara ce sau biyu: yana cin man mota ko batirinta, yana kuma raunana kayan tayar.

Nura: Ai taya mai iska ma gefenta yana lanƙwasa a kowane juyi. Ita ma tana zafi. Kuma marar iskar a buɗe take ta gefe, iskar hanya na ratsa ta tana sanyaya ta. Wannan fa?

Injiniya Hadiza: Wannan magana ce mai kyau, buɗaɗɗen gefen yana taimakawa wajen sanyi. Bambancin shi ne yawan kayan da ke lanƙwasawa. Gefen taya mai iska siriri ne, don ba shi ke ɗauke da babban aikin ba. A marar iska kuwa kayan ne ke yin komai, dole a yi su da kauri. Tweel ɗin farko da aka gwada a mota, ƙorafin da aka yi a kanta kenan: idan gudu ya haura kilomita 80 a awa sai jijjiga da ƙara da zafi su taso. An ci gaba sosai daga wancan lokacin. Hankook ya ce iFlex ɗinsa ta kai kilomita 130 a awa a gwajin 2015, Goodyear kuma ya gwada tasa a kan motar Tesla Model 3 a filin gwajinsa na Luxembourg. Amma kai wani gudu a fili na ɗan lokaci abu ɗaya ne, yin shekaru biyar a hannun mutumin da bai damu da taya ba, cikin zafi da sanyi da ramuka, wani abu ne daban.

Alhaji Bala: Ku bar ni in sa baki a matsayina na wanda ya tsufa a kan sitiyari. Yaran nan kuna ta maganar gudu, ni damuwata kaya. Ku buɗe ƙofar direba ku duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙi, a motoci da yawa za ku ga awo biyu: na mota ba kaya, da na mota cike da mutane da kaya. Idan zan yi doguwar tafiya da iyali, ƙara wa tayoyin baya iska nake yi. Idan yashi ya tare ni, rage iskar nake yi tayar ta baje ta hau kansa, in na fita in mayar. To taya marar iska yadda aka ƙera ta haka za ta mutu. Idan an yi ta da tauri don kaya, ranar da kake kai kaɗai bayanka zai gaya maka. Idan an yi ta da laushi, ranar kaya za ta durƙushe.

Na biyu, taɓo. 'Yan ƙananan dalma da ake maƙala wa wili wajen balansin, nauyinsu 'yan giram ne, amma idan ɗaya ta faɗi sitiyari rawa yake yi a hannunka. Yanzu a ce taɓo ya shiga tsakanin haƙarƙarin nan ta gefe ɗaya ya bushe, ko tsakuwa ta maƙale, ko ƙanƙara a ƙasashen sanyi. Me zai faru a gudun kilomita 100?

Kabiru Makanike: Baba Alhaji ka taɓo inda nake jira. Masu ƙirar suna cewa juyawa da lanƙwasar haƙarƙarin suna watsar da datti da kansu. Ɗanyen taɓo, na yarda. Wanda ya kwana ya bushe a motar da aka ajiye, sai na gani da idona. In kuma aka ce a rufe gefen da roba, to sanyin da Nura ya ambata ya tafi, an kuma ƙara nauyi.

Hajiya Rabi: Ina karanta ku tun ɗazu, kuma duk kuna magana ne a matsayin mutanen da suka san mota. Yawancin masu tuƙi ba haka suke ba. Alhaji yana ƙara iska yana ragewa, Allah ya ƙara lafiya, amma mutum nawa ne cikin goma ke sa geji a tayarsa ko sau ɗaya a wata? Taya lafiyayya ma tana rage kusan psi ɗaya (ma'aunin matsin iska) a wata ba tare da huji ba. Mutane suna yawo da taya a sace ba su sani ba, ta yi zafi a babbar hanya ta fashe, rayuka su tafi. Injiniya tana kwatanta marar iska da mai iska wadda ke cike daidai. A kwatanta ta da wadda ke kan hanya a zahiri mana.

Kuma akwai abin da namiji mai ƙarfi ba lallai ya ji shi a jikinsa ba. Taya ta taɓa sace mini da daddare ina tare da yara, a gefen hanyar da manyan motoci ke wucewa da gudu, notocin kuma an ɗaure su da inji ba sa motsi. Ba wahalar ce ta dame ni ba, tsoro ne. Idan za a ba ni tayar da ta ɗan fi ƙara, ta ɗan fi shan mai, amma ba za ta taɓa tsayar da ni a irin wannan wuri ba, da gudu zan karɓa. Tsofaffi da masu lalurar ƙafa ko baya ma haka za su ce.

Injiniya Hadiza: Hajiya, wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da aka kawo a nan, kuma ba na jayayya da ita. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ma ta ƙiyasta cewa duk psi ɗaya da tayoyi suka rage yana ƙara shan mai da kusan kashi 0.2 cikin ɗari, don haka wani ɓangare na fifikon mai iska yana zubewa a hannun wanda ba ya kula. Sai dai taya marar iska ba ita kaɗai ke neman magance damuwarki ba, kuma abokan takararta sun riga ta shiga kasuwa. Na'urar da ke faɗakar da direba idan iska ta ragu ta zama dole a sababbin motoci a Amurka tun 2007, a Tarayyar Turai tun Nuwamban 2014. Akwai tayar da ake ci gaba da tafiya da ita bayan ta sace, mai ƙaƙƙarfan gefe, wadda yawanci take kai mutum kilomita 80 a gudun da bai wuce 80 ba. Akwai kuma mai danƙo a ciki da ke toshe huji da kanta. Kamfanin taya na Continental ya ce tasa mai suna ContiSeal tana toshe hujin da ya kai milimita 5 a wajen zane. Duk waɗannan suna hawa wili irin wanda muka saba da shi, masana'antun da ake da su ne ke yin su. Sun kwashe babban kaso na matsalar da kuɗi kaɗan, abin da ya rage wa marar iska ta ci nasara a kai ya ƙanƙance.

Hajiya Rabi: Danƙon ba ya toshe yankan gefe, Injiniya. Rami mai kaifin baki ko gefen kwalbati, gefen taya suke yankawa.

Injiniya Hadiza: Gaskiya ne, ba ya toshewa. A nan marar iska ta fi su duka.

Usman: Ni na fi son mu dubi inda tayar ta riga ta samu shiga, don shi zai nuna mana hanyarta. Tweel ta shiga kasuwa a 2012 a kan ƙananan motocin loda kaya na wuraren gine-gine, inda ƙusa da guntun rodi ke ko'ina. A 2014 Michelin ya buɗe mata masana'anta a Piedmont da ke jihar South Carolina ta Amurka, kamfanin John Deere kuma ya sa ta a injinan yankan ciyawa. Kamfanin Polaris ya fitar da babur mai ƙafa huɗu da taya mai ƙirar saƙar zuma a 2013, ƙirar da ta samo asali daga binciken da aka yi wa sojojin Amurka. Goodyear ya gwada tasa a ƙaramar bas mai tuƙa kanta a birnin Jacksonville na Amurka, da kuma 'yan akwatunan kai saƙo masu tafiya da kansu na kamfanin Starship. Ita kanta Uptis, a 2023 ba motar gida ta shiga ba, motocin raba saƙo na DHL a Singafo da na hukumar gidan waya ta Faransa ta shiga. Bridgestone, wanda ya fara nuna tasa a baje kolin motoci na Tokyo a 2011, ya fara gwada sabuwar a kan titi a garin Kodaira na Japan a 2024, kuma ƙananan motoci masu tafiya a hankali ya sa a gaba.

Ku duba abin da ya haɗa su. Gudu kaɗan ne, hanya sananniya ce, kuma mai su kamfani ne da ke lissafin asarar kowace awa da mota ta tsaya. Ga motar da ba ta da direba ma abin ya fi tsanani, don babu wanda zai sauko ya ɗauko jak. Irin waɗannan za su biya tsada da murna. Mai motar gida da huji ke samunsa jefi-jefi, lissafinsa daban ne.

Nura: To ai kowace fasaha haka take farawa. Taya mai iskar ma a keken yaro ta fara, lokacin da wani mutum mai suna Dunlop ya yi wa ɗansa a birnin Belfast a 1888. 'Yan uwan Michelin suka sa ta a mota a tseren Paris zuwa Bordeaux a 1895, suna ta tsayawa faci a hanya. Da a lokacin aka buɗe irin wannan muhawara, da an ce ba za ta yi ba.

Alhaji Bala: Ɗana Nura, tarihin da ka kawo ni ya taimaka. Kafin Dunlop ai tayoyin marasa iska ne, roba ce zalla. Mutane suka gudu daga gare ta suka rungumi mai iska duk da facin da take jawo musu, saboda laushi da saurin da ta ba su sun fi ƙarfin wahalarta. Daga 1888 zuwa 1895 shekara bakwai ce kacal. Daga Tweel ta 2005 zuwa yau an kai shekara ashirin ko an haura.

Kabiru Makanike: Bari in ƙara abin da mu masu gyara muke gani. Nauyin da ke ƙarƙashin shokozoba, wato taya da wili da birki, ba daidai yake da nauyin da ke cikin but ba. Masu tallar suna cewa an huta da safaya da jak, mota ta yi sauƙi. Haka ne, amma kilo ɗaya a jikin wili ya fi wahalar da mota a kan kilo ɗaya a but, don shi ne ke tsalle a kowace gargada, shokozoba na fama da shi. Motoci da yawa na yanzu ma, musamman masu lantarki, tuni aka daina sa musu safaya, don haka wannan ribar an riga an cinye ta.

Sai gyara. Yau huji ya same ka, mai faci zai sallame ka cikin mintoci. Marar iska kuwa da wilinta haɗe take, abu guda ne. Idan rami ya karya haƙarƙari biyu ko uku, motar za ta ci gaba da tafiya, wannan alheri ne. Amma wa zai ce maka tayar har yanzu amintacciya ce? Mai iska in ta samu matsala tana nunawa, ta sace ko ta yi ƙari a gefe. Wannan kuwa tana iya tsagewa a ciki a hankali.

Sabo: Amma an ce idan zanen ya suɗe ana iya sake shimfiɗa mata sabo, ba sai an zubar da ita duka ba. Wannan ba ƙaramin taimako ba ne ga muhalli, tunda duniya na zubar da tsofaffin tayoyi wajen biliyan guda a shekara.

Usman: In aka gina tsarin karɓar tsohuwa a ba da sabuwa, ƙwarai. Manyan motoci da jiragen sama sun daɗe suna sake zanen tayoyinsu, don kamfanoni ne ke riƙe da su suna bibiyar kowace taya. A motocin gida wannan ɗabi'a ta kusa ɓacewa saboda sabuwar taya mai araha ta fi sauƙi. Sannan a tuna cewa roba da zaren gilashi da danƙo da alminiyum da aka manne wuri ɗaya, raba su don sake sarrafawa aiki ne. Ƙurar robar da ke gogewa a kan titi kuma tana nan yadda take.

Akwai kuma doka. Ƙa'ida ta 30 ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ƙasashe da yawa ke bi wajen amincewa da tayoyin motocin fasinja, an rubuta ta ne don taya mai iska. Gwajinta yana farawa da cewa a ba tayar iska kaza, a ɗora mata nauyi kaza, a juya ta a gudu kaza. Sai an rubuta sabon ma'auni kafin kamfanin mota ya sayar da marar iska a ƙasashe da yawa lokaci ɗaya, kuma irin wannan aiki shekaru yake ci.

Hajiya Rabi: To ni tambayata, dole ne sai ta iya komai kafin a ba mu? Mota nawa ce rayuwarta duka a cikin gari take, daga gida zuwa aiki zuwa makarantar yara, ba ta taɓa haura kilomita 80 ba? A yi wa irin waɗannan mana, a rubuta iyakar gudunta ɓaro-ɓaro, mai so ya saya.

Injiniya Hadiza: Ta nan nake sa ran za ta shigo, Hajiya: ƙananan motocin lantarki na cikin gari, da motocin haya na kamfanoni, kafin motar iyali mai doguwar tafiya. Kamfanin mota ba zai so ya sa taya mai iyakar 80 a motar da injinta ke kai 170 ba, don ya san wani zai taka. Amma a motar da aka ƙayyade gudunta tun daga masana'anta, wannan fargabar babu ita. Kuma akwai wata baiwa da ba mu ambata ba: a taya mai iska, in ka ƙara iska don sitiyari ya yi kaifi a kwana, laushin tafiya zai ragu, domin abu ɗaya ke riƙe da su duka. A marar iska ana iya ƙera haƙarƙarin su yi laushi sama da ƙasa, su yi tauri gefe da gefe. Mai ƙira zai so wannan ƙwarai.

Malam Sabo, in kana son ka gane ranar da abin ya nuna, kada ka bi bidiyon da ake taka ƙusoshi. Ka jira ka ga harafin iyakar gudu a jikinta, T na kilomita 190 ko H na 210, kamar kowace taya. Ka kuma nemi takardar nan ta Tarayyar Turai da ke ba taya daraja daga A zuwa E a shan mai da riƙe hanya cikin ruwa, tare da awon ƙararta.

Alhaji Bala: Ni ko an ba ta A a duka, sai an loda wa motar mutum biyar da kayansu, an bi da ita ta taɓo da yamma, an bar ta ta kwana, da safe a hau babbar hanya ina riƙe da sitiyarin. Kabiru, in wannan rana ta zo kai za ka zauna a gefena ka saurari ƙarar.

Kabiru Makanike: Na yarda Baba, amma kafin mu tashi zan ɗaga motar a jak in juya kowace taya da hannu in ƙirga haƙarƙarinta, mu sake ƙirgawa in mun dawo.